Daga Injin Niƙa Zuwa Zaiba: Tarihin Zinaren Yankinmu

A wannan makon zinarenmu za mu waiwaya.

Tun zamanin Turawa ake haƙarsa a ƙasar Anka, amma kasuwar duniya ce ta sauya mana salon aikin. A 2001 oza ɗaya ba ta kai dala 300 ba, a 2010 ta haura 1,200. Nan muka duƙufa fasa dutse. A niƙa shi da injin hatsi, a wanke garin, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona dunƙulen har zaibar ta tashi.

Dutsen kuwa cike yake da dalma, kuma a tsakar gida aka riƙa sarrafa shi, inda yara ke rarrafe. A Maris 2010 likitocin MSF suka ankara. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su 'Yargalma, Dareta da Abare. Allah ya jiƙan su. Bagega ma, abin takaici, sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa.

Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar a 2019 saboda 'yan bindiga, ta janye a Disamba 2024. Lokacin oza ta wuce dala 2,500.