Daga ina muka gaji "tchiwon kay"?

Makon jiya wani uba ya aiko mini da ƴar takarda a hannun ɗiyarsa, don ya sanar da ni dalilin da ya hana ƙanenta zuwa lakwal. Ga abin da ya rubuta, harafi da harafi: "Mouché, dana bachi da lahiya, tchiwon kay." Na gane nufinsa, kowa ma zai gane. Amma sai da raina ya sosu, kamar yadda yakan sosu in na ga "nagode" da "yace" a manne, ko katin biki da aka buga "muna maraba da baki", alhali baƙi ake jira. Shekara kusan ashirin ina riƙe da alli a ƙasar Ƙonni, har yau ban saba da wannan ba. Da na huce sai na tambayi kaina: wa ya taɓa koya wa wannan bawan Allah rubuta Hausa? Ni kaina wa ya koya mini?

Rubuta Hausa ba baƙon abu ba ne a nan. A Maratta, nan kusa da mu, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma malaman ƙasar nan sun daɗe suna rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da ajami kafin Bature ya iso. Abin da ya raba mu shi ne iyaka. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, daga baya Faransa da Ingila suka ja layi tsakaninmu da Sakkwato. Tun daga nan harshe ɗaya ya faɗa hannun masu mulki biyu masu ra'ayi daban.

A kudancin layin, Ingilishi sun ɗauki Hausa harshen aiki da na makaranta. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Tun lokacin ake fama da sautukan da haruffan Turawa ba su da su. An gwada ɗigo, an gwada waƙafi a jikin harafi, sai a shekarun 1930 aka tsaya a kan masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. Yaron da ya tashi yana karanta ta, idonsa ya sha ƙa'ida ko ba a zaunar da shi ba.

Mu kuwa a arewacin layin, lakwal Faransanci zalla ce. Wanda ya yi Hausa a aji sai a rataya masa sambol, kuma ni ma na rataya shi ba sau ɗaya ba. Bafaranshe ya rubuta sunayen garuruwanmu yadda kunnensa ya jiye masa: Tawa ta zama Tahoua, Tsarnawa ta zama Tsernaoua, Dogarawa ta zama Doguéraoua, Badagishiri ya zama Badaguichiri. Sunan garinmu ma aka tsinka shi, aka mai da shi Birni N'Konni, kamar "n" ɗin ba ta birni ba ce. Ku duba Illela biyu, tamu ta Adar da ta jihar Sakkwato: suna ɗaya, amma tamu ta samu ƴar hula a kan "e". To mutumin da duk Hausar da ya taɓa gani a rubuce ita ce ta allunan bakin hanya da takardar haihuwa, me zai hana ya rubuta "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", "ch" a wurin "sh"? Mai takardar nan ƙa'ida ya bi sau da ƙafa, sai dai ta wani harshe ce.

Ba wai gwamnatocinmu sun yi barci ba bayan 1960. A 1966 Unesco ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, da Hausa a ciki. Littattafan yaƙi da jahilci na Nijar suka bi tsarin ninka wasali mai tsawo, shi ya sa in ka ci karo da tsohon littafin koyar da manya za ka ga "aa" da "ii" birjik. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram. A 1980 masana na Nijar da Najeriya suka zauna a Yamai don rubutun ƙasashen biyu ya zo ɗaya, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar. Bambancin da ya fi fitowa fili yanzu ƙarami ne: mu muna rubuta ƴaƴa, su 'ya'ya. Ƙa'ida dai tana nan. Abin da bai faru ba shi ne ta fita daga hannun masana da ƴan makarantun gwaji ta shiga kowane aji. Ni na gama makarantar horon malamai ina iya faɗa maka inda ake sa kowace alama a kalmar Faransanci, amma da kaina na koyi cewa "ya ce" kalma biyu ce, "gidansa" kuwa ɗaya.

Akwai kalma guda a takardar can da ban ɗauka kuskure ba, wato "lahiya". Haka muke faɗa a Ƙonni da Malbaza da Adar baki ɗaya, haka Sakkwatawa ke faɗa. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa karin Kano, shi ya sa ake rubuta "lafiya". Ina koya wa yara su rubuta da "f" don na Damagaram da na Zariya su karanta ba tuntuɓe, amma ba na yarda wani ya ce musu bakin iyayensu ne ya karkace. Lanƙwasa ita ce ba na sassauci a kanta, don tana sauya ma'ana: daki da ɗaki, kasa da ƙasa, bari da ɓari, kafa da ƙafa.

Abin ya wuce ɓacin ran malami ɗaya tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan takardun gwamnati da na jarrabawa suka soma zuwa da Hausa, wa zai gyara su? Mu ne, malaman da ba a taɓa yi mana dikte ko ɗaya da harshen uwarmu ba. Iyaye kuma su ne za su duba kayen yaro da dare.

Shi ya sa na amsa wa uban nan da Hausa, na yi wa yaron fatan sauƙi, na rubuta "ciwon kai" yadda ake rubuta shi, ban ja layi a ƙarƙashi ba. Ran kasuwa muka haɗu, ya ce wayarsa ce ba ta da waɗannan haruffa masu ƙugiya. Na karɓe ta, na shiga saitin allon rubutu na ƙara masa Hausa. Ya danna "k" ya riƙe, "ƙ" ta fito, ya yi dariya ya ce ashe tana ciki tun ranar da ya saye ta.