Badagishiri: yadda ake mulkin kwamin ta karkara da inda mutanenta suka karkata a siyasa

Badagishiri gari ne na ƙasar Adar, a gundumar Ilela, cikin jahar Tawa, a kan hanyar mota da ta haɗa Birnin Kwanni da Tawa. Shi ne cibiyar wata kwamin ta karkara, wato ƙaramar hukuma mai haɗa garin da ƙauyukan kewaye. Abin da za ku karanta a kansa ya shafi kowace kwamin ta karkara a Nijar, domin doka ɗaya ce ta kafa su.

Kafin shekarar 2004, sufurefe ne da gwamnati ta turo yake riƙe da al'amuran yanki. Ranar 24 ga watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a kwamin 265, waɗanda 213 daga cikinsu na karkara ne. An sake zaɓe a Janairun 2011, sannan a Disamban 2020, bayan an yi ta ƙara wa'adin zaɓaɓɓun 2011.

A wancan tsari, ba ku ne kuke zaɓen magajin gari kai tsaye ba. Kuna jefa ƙuri'a ga jerin sunayen da jam'iyya ta tsayar, kowace jam'iyya ta samu kujeru gwargwadon ƙuri'unta. Waɗanda suka samu kujera su ne konseye, daga mutum 11 zuwa 25 bisa yawan jama'a, kuma su ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu. Shi ya sa jam'iyyar da ta zo ta farko takan iya rasa kujerar magaji idan sauran suka haɗa kai. Sarakunan gargajiya suna zama a majalisa su ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Ga mata kuwa, dokar 2000 ta tilasta a ba su aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe. Aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019.

A fagen siyasa, Adar ta daɗe tana bayan PNDS-Tarayya, kamar yadda Damagaram ta daɗe tana bayan Mahamman Usman, shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1996. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mahammadu Isufu, jagoran Tarayya wanda ya shugabanci ƙasa daga 2011 zuwa 2021, haifaffen Dandaji ne a gundumar Ilela. Ga mutumin yankin, zaɓensa zaɓen ɗan gida ne. Amma kada ku ɗauka kowa launi ɗaya ya bi. A ƙauye, siyasa takan bi tsofaffin layuka: gidan da ke riƙe da sarauta ya shiga wannan jam'iyya, gidan da ya nema bai samu ba ya shiga waccan. Ƴan kasuwa da ƴan cin rani da ke Abijan ko Najeriya su ma suna da murya, tun da su ke aiko da kuɗin motar kamfe. Mutane ƙalilan ne suka taɓa tambayar ɗan takara abin da zai yi da kuɗin kasuwa, alhali a nan ne maganar take.

Wannan tsari ya tsaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 an dakatar da harkokin jam'iyyu. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, gwamnati ta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun gaba ɗaya.

Kwamin kuwa ba a rushe ta ba, kuma ayyukanta suna nan. Ita ke ba da takardar haihuwa, ta aure da ta mutuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 don shaida haihuwa, kuma kyauta ake yi. Idan wa'adin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali, da wahala da ɓata lokaci, kuma yaron da ba shi da takarda yakan gamu da cikas ranar jarrabawar lakwal. Kwamin ce kuma ke karɓar lanho, wanda mai gari ke tarawa gida gida, tare da kuɗin rumfa da na dabbobi ranar kasuwa. Da su ake gyaran rijiya, aji da mahauta, a biya ma'aikata.

Saboda haka, duk lokacin da kuka biya ko dala ɗaya, ku karɓi tikiti ko rasit. Tun da yanzu kuna karatu, ku duba adadin da aka rubuta, da kwanan wata, da hatimin kwamin, kafin mai karɓa ya wuce rumfa ta gaba.