Cinikin Dabbobin Daji da Hatsarin Kuɓucewarsu: Abin da Ya Kamata Mu Sani

Masu saurarenmu na Madarumfa, Gabi, Safo, Ɗan Isa da 'yan uwa mazauna ƙetare, yau bayaninmu kan dabbobin daji ne da ake saye a ajiye a gida, da abin da kan biyo baya in sun kuɓuce.

Waɗanne dabbobi ke nan?

Dukanmu mun san gardawa masu yawo kasuwa-kasuwa da kura, mesa da gwaggon biri. Ban da su, akwai masu sayen aku, gauraka, barewa, kunkuru ko ɗan biri don sha'awa. Wasu a dazuzzukanmu ake kamo su. Wasu kuma baƙi ne, kamar aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda asalinsa kurmin kudancin Najeriya, Kamaru da Kwango ne.

Mene ne hatsarin?

Dabbar daji ba ta barin halinta. Ɗan birin da yara ke wasa da shi, in ya girma sai cizo. In abinci ya gagari mai ita, ko dai ta tsinke igiya ko a sake ta da dare, ɓarnar kuma ta faɗa kan awaki, kaji da yaran maƙwabta. Ko gidan zu bai tsira ba: a Disamba 2015 zaki ya fita daga kejinsa a Jos har aka harbe shi, a Oktoba 2019 ma wani ya kuɓuce a gidan zu na Kano.

Ga kuma cuta. A 2003 an kai gafiya da wasu ɓeraye daga Gana zuwa Amurka don sayarwa, ta nan ƙyandar biri ta kama mutane 47 a jihohi 6. Baƙuwar dabba kuma in ta samu wuri takan hayayyafa: dorinar ruwa 4 da Pablo Escobar ya kai Kolombiya yau sun haura 100.

Me doka ta ce?

A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ke tsara farauta da kare dabbobin daji. Kama su, ajiye su ko sayar da su, duk sai da izinin ma'aikatar gandun daji. Ƙasarmu kuma tana cikin yarjejeniyar CITES tun 1975, wadda a 2016 ta hana cinikin akun da aka kamo a daji tsakanin ƙasashe. Matsalar ita ce iyaka na da faɗi, mai buhu bisa babur ba lalle ya bi ta gaban duwan ba.

Me za mu yi?

In kun ga baƙuwar dabba a gona, kar ku tunkare ta. A janye yara da bisashe, a sanar da maigari da jami'an gandun daji. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi likita nan take. Wanda ya gaji da tasa ya miƙa wa hukuma, kar ya kai ta dajin Baban Rafi ko bakin tafkin Madarumfa, wanda tun 2019 yake cikin jerin dausayin duniya na Ramsar.

'Yan uwa na ƙetare kuma, don Allah kar a yi sautun aku ko kunkuru a matsayin tsaraba. In babu mai saye, mai tarko zai nemi wata sana'a.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.