Neman Magani da Cututtuka Masu Daɗewa Kafin Mutuwar Fuju'a a Tsakanin Manya: Nazari kan Birnin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba alaƙar mutuwar fuju'a da cututtuka masu daɗewa a jiki a tsakanin manyan mutane mazauna cikin ganuwar Zariya. Ta nuna cewa yawancin irin wannan mutuwa tana da ciwon da ya riga ta, kuma mamacin kan bi ta kemis ko asibiti kafin rasuwarsa ba tare da an riƙe shi a kan magani ba.

Gabatarwa

A wajen likitoci, mutuwar fuju'a ita ce wadda ta auku cikin awa 1 da fara alamun ciwo, ko cikin awa 24 da ganin mutum lafiya idan babu wanda ya shaida faruwarta. A zauren makoki kuwa abin da aka saba ji shi ne: "Da shi muka yi sallar isha'i, lafiyarsa ƙalau." Ajali gaskiya ne, amma Musulunci bai hana bin sababi ba, ya ma yi umarni da neman magani. Tambayar nazarin ita ce: me ke faruwa da lafiyar mutum a watannin da suka gabaci faɗuwarsa?

Hanyar Nazari

An yi bitar rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya da binciken da aka wallafa kan ciwon zuciya a Zariya, sannan aka auna su da yadda jama'ar birni ke neman magani da yadda suke jana'iza.

Sakamako da Tattaunawa

Na farko, babban tushen matsalar hawan jini ne, wato awon da ya kai 140/90 ko ya haura. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna manya kimanin biliyan 1.28 ke ɗauke da shi, kuma kashi 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba. A hankali yake kaurara tsokar zuciya, ya raunana jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda, har ranar da mutum zai yanke jiki ya faɗi. Ciwon suga yana ƙara wannan haɗari.

Na biyu, Zariya tana da nata tarihin a wannan fanni. A shekarar 1978 Davidson da Parry na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincike kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun danganta yawan ciwon da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Mai jego ba ta faɗuwa haka kawai: ƙafafunta kan kumbura, tari ya dame ta da dare, numfashi ya gagare ta idan ta kwanta sai ta tashi zaune. A gida ana yawan ɗaukar waɗannan alamu a matsayin sanyi ya shige ta, sai a ƙara mata zafin ruwa da kanwa.

Na uku, cibiyoyin lafiya ba su yi wa birni nisa ba. Asibitin Hajiya Gambo Sawaba yana Ƙofar Gayan, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana Shika da Tudun Wada. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗorewar magani. Magidanci kan fara da kemis ɗin unguwa saboda ciwon kai ko jiri. Idan aka auna shi aka ba shi amlodipine na wata guda, da zarar kan ya lafa sai ya ajiye ƙwayar, alhali maganin hawan jini na kullum ne. Idan gaɓoɓi suka yi tsami sai ya sayi diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke ɗaga jini su kuma taɓa ƙoda. Kuɗi ma na da hannu, domin sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita.

Na huɗu, ba a rubuta sababin mutuwa. Wanda ya rasu da asuba a gida, sau da yawa kafin azahar an yi masa sutura, kuma iyalai ba sa yarda a buɗe gawa. A yankin Afirka kashi 10 cikin 100 kacal na mace-mace ake yi wa rajista. Yawan mace-macen da aka yi a Kano a 2020 darasi ne: sai da aka bi iyalai da tambayoyi kafin Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mutum 979 da suka rasu, kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona a kan cututtukan da suke ɗauke da su tun da farko.

Kammalawa da Shawarwari

Maƙalar tana ba da shawarar a riƙa yi wa iyalan mamaci tambayoyin gano sababi bayan an share makoki, ta hannun masu unguwanni da limamai, domin hakan bai taɓa gawa ba kuma bai jinkirta jana'iza ba. A horar da masu kemis kan awon jini da tura mara lafiya asibiti. Hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna (KADCHMA) ta faɗaɗa inshorar zuwa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Ungozomomi su san cewa kumburi da haki a jego alamun zuciya ne. Muna kira ga Masarautar Zazzau da masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da su haɗa hannu su buɗe rajistar mace-mace a unguwannin birni, domin a ceci waɗanda ke yawo da ciwon yanzu ba su sani ba.