Daga Berlin zuwa Akara: Farkon Gwagwarmayar Masu Neman Jinsi Ɗaya

Mazaunin Zangon Kumasi ya ji ƙurar da ta tashi ranar 28 ga Fabrairun 2024, da Majalisar Dokokin Gana ta amince da ƙudurin tsananta hukunci kan masu neman jinsi ɗaya, wanda Shugaba Akufo-Addo ya sauka bai sa masa hannu ba. Sashe na 104 na dokar laifuffuka ta 1960, gadon mulkin Ingila, yana nan daram. Takaddama irin wannan kuwa ta haura shekara ɗari a duniya.

A 1897 likita Magnus Hirschfeld ya kafa kwamiti a Berlin don neman soke sashe na 175 na dokar Jamus. 'Yan Nazi suka wawashe cibiyarsa a 1933, suka ƙone littattafanta.

A Amurka, Harry Hay, ɗan kwaminisanci, ya jagoranci kafa ƙungiyar Mattachine a 1950. Bayan shekara 3 masu ra'ayin lallami suka karɓe ta, don gudun fushin hukuma. Lallamin bai hana kame ba. Da 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall ta New York ranar 28 ga Yunin 1969, waɗanda aka saba kora suka tirje, aka shafe kwanaki ana arangama. Ƙungiyar Gay Liberation Front da ta biyo baya ta aro sunanta ne daga mayaƙan 'yancin Aljeriya da Biyetnam, abin da akan manta idan ana ba da labarin.

A Afirka, Simon Nkoli, wanda gwamnatin wariyar launin fata ta tsare bisa zargin cin amanar ƙasa, yana cikin jagororin tattakin farko a Johannesburg a 1990. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya haramta nuna musu bambanci.