Lanƙwasar Ƙafa ga Yara: Ire-irenta da Maganinta

A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Augie, kamar sauran sassan Jihar Kebbi, akan ga yara masu karkatacciyar ƙafa, a ɗauka lalura ce wadda ba ta da magani. Alhali kuwa iri uku ne suka fi yawa, kowanne da dalilinsa da matakin da ya dace da shi.

Tanƙwarar ƙafa ta haihuwa

Akan haifi jariri tafin ƙafarsa ya juya ciki. Kimanin jariri 1 cikin 1,000 ke zuwa da haka. Ana gyara ta da dabarar Dokta Ponseti: a miƙar da ƙafar sannu a hankali, a ɗaure da filasta, ana canzawa duk mako, sau 5 zuwa 8. Galibi akan ɗan yanka agara, sa'annan yaro ya riƙa kwana da takalmi na musamman har ya shekara 4 ko 5. Fara magani a makonnin farko ya fi sauƙi. Wannan ba karaya ba ce, don haka ba aikin mai ɗori ba ne.

Gwame da ƙafar baka

Ɗan baka a ƙafar yaron da bai kai shekara 2 ba kan miƙe da kansa. Idan ya ci gaba, ga kumburin wuyan hannu da ciwon ƙafa, mai yiwuwa laushin ƙashi ne. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam ke jawo shi. Gero da shinkafa kaɗai ba su wadatarwa. A haɗa wa yaro da nono, miyar kuka, zogale da ƙananan kifin Gulbin Rima da ake ci har ƙaya.

Shan inna

Ita kan shanye ƙafa farat ɗaya, yawanci bayan zazzaɓi. A 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, amma wani nau'inta na ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Ɗigon rigakafi ne kariya.

Kira ga jama'a

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da ungozomomi da su tura irin waɗannan yara cibiyar lafiya mafi kusa. Daga nan akan miƙa su Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki ba zato, a sanar da jami'an lafiya nan take.