Mudun Alkawari: Daga Kyoto zuwa Dajin Zamfara

Mutanen Gurbin Bore, a ƙasar Zurmi, ba sai an gaya musu yanayi ya juya ba, gama farin 1973 da na 1984 sun ci dabbobi da amfanin gona tun daga Shinkafi har Ƙauran Namoda. Abin bincike a nan shi ne alkawuran da gwamnatoci suka ɗauka game da wannan al'amari, da mudun da aka auna su.

Cikin 1997 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Kyoto ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, aka sa 1990 ta zama ma'auni. Ga shi kuwa tun 1991 Tarayyar Sobiyet ta rushe, masana'antu da yawa suka tsaya, hayaƙin Rasha da Yukren ya ragu ba da dabarar kowa ba. Saboda haka sa'ad da Rasha ta amince a 2004, alkawarinta ya riga ya cika kansa, har da rara.

Nijeriya kuwa wani mudu ta ɗauka. A 2015, lokacin taron Faris, ta ce kafin 2030 za ta rage kashi 20 cikin 100 da ƙarfinta, ko 45 in an taimake ta, watau daga abin da ake kirdadon za ta fitar in ba a yi kome ba. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara da cewa daga 2060 hayaƙin ƙasar ba zai wuce abin da ake iya shanyewa ba.

To, nan maganar ta komo gida. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Babbar Ganuwar Itatuwa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Amma tsaron daji ba baƙo ba ne a nan. Turawa sun keɓe Dajin Zamfara, sa'an nan Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965. Da aka yi sakaci, gonaki suka ci burtali, husuma ta tashi, daga bisani dajin ya zama mafakar 'yan bindiga. Inda malamin daji ba ya iya shiga, wa zai yi ban ruwan dashe?

Rasha ta cika mudunta ta hanyar rushewa. Namu ba zai cika ba sai manomi da makiyayi sun sami lafiyar zama a bakin wannan daji.